Yarinyar da Ta Ji Kunyar Cewa Ban Sani Ba

A garin Gwaram akwai wata yarinya 'yar aji biyu a ƙaramar sakandare. Tana da ƙwaƙwalwa, wannan babu musu. Idan rediyon Babanta ya lalace, ita take kwance shi ta gyara. Sai dai tana da wani hali guda. Ko sama da ƙasa za su haɗu, ba za ta buɗe baki ta ce "ban sani ba". Kowace tambaya aka yi mata tana da amsa, ko da a nan take ta ƙago ta.

Wata rana malamar kimiyya, Malama Zulfa, ta shigo aji da labari.

"Gwamnati ta sa gasa," in ji ta. "Ana neman ɗaliban da za su ƙirƙiro abin da zai taimaka wa lafiyar jama'a. Za a yi zagayen farko a Birnin Kudu. Wanda ya ci, za a ba shi kwamfuta, a kuma ɗauki nauyin karatunsa."

Yarinyar ba ta daɗe tana tunani ba. Bara jaririn maƙwabtansu ya rasu da ciwon shawara, wanda yake mai da jikin jariri rawaya. Ba a gane da wuri ba sai da abin ya ci ƙarfinsa. Ga shi kuma Innarta tana da tsohon ciki.

Sai ta samo rular roba mai garai-garai. Ta shafa mata layukan fenti rawaya, daga mai haske zuwa mai duhu. Idan aka danna rular a hankali a kan hancin jariri, sai a duba layin da ya yi daidai da launin fatarsa. In mai duhu ne, to sai asibiti.

Malama Zulfa ta ji daɗin aikin. Amma ta ɗaga yatsa ta gargaɗe ta.

"Ki saurare ni da kyau. Wannan abin ba ya aiki sai a hasken rana. A cikin ɗaki zai ruɗe ki. Kuma ba likita ba ne. In kin yi shakka, ki ce a tafi asibiti."

"Na sani, Malama," in ji yarinyar.

Dama me za ta ce? Ai kullum ta sani.

Babanta, Malam Badaru, direban bas ne tsakanin Gwaram da Birnin Kudu. Da ya ga rular, bakinsa har kunne. Babu wanda bai ba labari ba a tasha. Kakarta, Iya Indo, kuwa ta samu abin tsokana. Ko ruwa take so sai ta ce, "Likita, a taimaka wa tsohuwa da moɗa." Kan yarinyar ya kumbura, har tafiyarta ta canza.

Ana saura 'yan kwanaki a yi gasa, Inna ta haihu a gida. Namiji ne, kyakkyawa, mai yawan gashi. Gida ya cika da 'yan barka. Baba ya sayo rago ya ɗaure a gindin darbejiya, ana jiran ranar suna.

Bayan kwana biyu, da yamma, Inna ta kira Baba cikin ɗaki. Muryarta a sanyaye take.

"Malam, dubi idon yaron nan. Kamar yana yin rawaya. Ko za mu kai shi asibiti?"

Iya Indo tana zaune a bakin gado. Ta karɓi jaririn ta juya shi.

"Haba, ina rawaya a nan? Farin yaro ne kawai. Kuma wa ya taɓa fita da ɗanyen jariri kafin suna? Iska ta buge shi a banza."

Inna ta sunkuyar da kai. Ba ta iya musu da surukarta ba. Baba ya tsaya yana sosa ƙeya, ya rasa bayan wanda zai bi. Can sai fuskarsa ta washe.

"Af, ai muna da mai gwaji a gida! Ke, ɗauko rularki."

Yarinyar ta ruga ta ɗauko. Da ta dawo sai ta tuna da maganar Malama.

"Iya, sai an fito da shi tsakar gida," in ji ta.

"Ba inda za shi," in ji Iya Indo. "Ga fitila nan. In abin naki na gaskiya ne, ya yi aiki a nan."

Ɗakin mai jego ne, taga a rufe, labule a sake. Ƙwan fitilar ma haskensa ja-ja ne. Yarinyar ta danna rular a hancin ƙaninta. Ta duba, ta sake dubawa. Duk layukan sun zama iri ɗaya a idonta. Ba ta gane komai ba.

Ta ɗago kai. Inna tana kallonta da tsoro. Iya tana kallonta da murmushin tsokana. Baba kuwa yana kallonta da alfahari, kamar ya ga babbar likita. Kalmomi uku kawai ya kamata ta faɗa. Suka zo har bakinta, kunya ta mai da su.

"Lafiyarsa lau," in ji ta. "Layi na farko ne."

"Alhamdu lillahi!" in ji Baba. "Kin ji ko? Ki kwantar da hankalinki."

Inna ta yi ajiyar zuciya ta rungume ɗanta. Ta yarda da 'yarta ɗari bisa ɗari, wannan kuwa shi ne abin tausayin.

Washegari jaririn ya yini yana barci. Ko an tashe shi, sai ya ɗan kama nono ya saki. 'Yan barka suna cewa, "Kai, yaron nan akwai haƙuri." Yarinyar tana jin su. Ta so ta yi magana. Amma yaya za ta ce wa Baba jiya ƙarya ta yi? Sai ta shige ɗaki tana haddace jawabin da za ta yi gaban alƙalan gasa.

Ranar gasa ta zo. Makaranta ta ɗauki hayar bas ɗin Baba don ya kai ɗalibai Birnin Kudu. Yarinyar ta sa kayan makarantarta da ta goge tun jiya. Inna ta shiga wankan jego, Iya tana wajen murhu tana ƙara mata ruwan zafi.

Sai jaririn ya yi wani irin kuka, siriri mai tsini. Yarinyar ba ta taɓa jin irinsa ba. Ta leƙa tsakar gida, babu mai kallonta. Ta ɗauke shi ta tsaya da shi a bakin ƙofa, inda rana ta haska.

Ba ta ma buƙatar rula. Idanunsa sun yi rawaya kamar garin ɗorawa. Ƙirjinsa rawaya, har tafin ƙafarsa. Duk da haka ta danna rular. Launin ya kai layi na ƙarshe, mafi duhu.

A waje Baba ya danna hon. Ta ji muryoyin 'yan ajinsu suna kiranta. Tana iya mai da shi kan gado ta fice, ba wanda zai sani. Ta dubi fuskar ƙaninta. Ko suna ba a sa masa ba tukuna.

"Inna! Iya! Baba!" Ta ƙwala kira tana kuka. "Ku zo! Ba shi da lafiya! Ƙarya na yi!"

Baba ya shigo da gudu, Malama Zulfa tana bayansa.

"Wace ƙarya?" in ji Baba.

"Ranar nan ban ga komai ba. Ɗakin da duhu. Ban sani ba, amma na ce lafiyarsa lau."

Malama Zulfa ta dubi jaririn sau ɗaya. "Malam Badaru, tayar da mota yanzu," in ji ta.

Iya Indo ta ga jikanta a hasken rana, ta ɗora hannu a ka tana salati. Wannan karon ba ta yi zancen iska ba. Ita da kanta ta naɗe shi a zane.

Suka fara tsayawa a asibitin garin. Ma'aikaciyar jinya ta duba shi ta ce su wuce Birnin Kudu kai tsaye, can ne ake da fitilar da ake sa irin waɗannan jarirai a ƙarƙashinta.

Tafiyar ba daɗi. Ɗaliban da suka fito da waƙa suka yi tsit. Inna tana hawaye tana addu'a. Baba yana tuƙi, ko sau ɗaya bai waiwayo ya kalli 'yarsa ba. Da ya zage ta ma, da ta fi jin sauƙi.

A ƙofar babban asibiti Malama Zulfa ta dafa kafaɗarta.

"Za mu hau babur mu ƙarasa wurin gasa. Za ki zo?"

Yarinyar ta girgiza kai. "Ku tafi, Malama. Ba zan iya barinsa ba."

Likitan yara ya duba jaririn, ya sa aka ɗebi jininsa. Fuskarsa ba walwala.

"Yaushe kuka fara ganin rawayar?"

"Shekaranjiya," in ji Inna.

"To me ya hana ku zuwa tun ranar?"

Yarinyar ta matso.

"Ni ce, likita. Ni na ce musu lafiyarsa lau."

Ta nuna masa rular, ta gaya masa duk yadda aka yi. Likitan bai daka mata tsawa ba. Ya yi magana a hankali, amma kowace kalma ta shige ta.

"Tunaninki mai kyau ne. Amma shawara idan ta yi yawa tana taɓa ƙwaƙwalwar jariri. Wani ya rasu, wani ya tashi kurma har abada. Za mu yi iya ƙoƙarinmu. Sauran sai addu'a."

Aka kwantar da jaririn a ƙarƙashin wata fitila shuɗiya. Aka rufe masa idanu da ƙyalle. Ɗan ƙaramin jikinsa ya yi lamo, sai ƙirjinsa kawai yake motsi. Yarinyar ta tsaya a bayan gilashi tana kallonsa. Ta yi kuka har idanunta suka kumbura.

Da la'asar Baba ya zo ya zauna kusa da ita a kan benci.

"Kin yi kuskure babba," in ji shi. "Amma ni ma da nawa. Ni ne babba. Uwarki ta ce a zo asibiti, na ɗora wa yarinya nauyin da ba nata ba."

"Ka yafe mini, Baba."

"Allah ya yafe mana gaba ɗaya. Je ki roƙi Innarki."

Ta je ta durƙusa gaban Inna. Inna ta jawo ta jikinta.

Malama Zulfa ta biyo ta asibitin kafin su koma gida. Ta ce wata makaranta ce ta ci gasar. An kira sunan yarinyar, ba ta nan, aka wuce. Kwamfuta ta tafi, tallafin karatu ya tafi. Abin ya yi mata zafi, amma ba shi ne a ranta ba.

Ranar suna ta zo jaririn yana asibiti. A Gwaram aka yanka rago, aka raɗa masa suna Abdulmuhaimin, ba shi ba uwarsa a gidan. Babu kiɗa, babu guɗa. Mutane suka yi addu'a suka watse.

A hankali rawayar ta fara sauka. Ya fara kama nono da ƙarfi. Aka cire shi daga ƙarƙashin fitila, aka mai da shi gadon Inna. Amma tsoro ɗaya ya rage. Ba wanda ya san ko yana ji. Likita ya ce sai an yi masa gwajin kunne.

Da safiyar ranar gwajin Iya Indo ta iso da kwanon kunun kanwa. Jaririn yana barci a cinyar yarinyar. Iya ta zo buɗe kwanon, murfin ya suɓuce mata ya faɗi a kan siminti. Ƙarar ta cika ɗakin.

Abdulmuhaimin ya zabura. Ya watsa hannuwansa, ya buɗe baki ya tsala kuka.

"Ya ji!" Yarinyar ta yi ihu. "Inna, ya ji! Wallahi ya ji!"

Inna tana dariya tana hawaye. Iya Indo ta manta a asibiti take, ta rangaɗa guɗa, sai da ma'aikaciyar jinya ta leƙo ta ce a yi a hankali. Da rana aka yi gwajin, likita ya tabbatar kunnuwansa lafiya lau. Washegari Baba ya kwaso su a bas ɗinsa suka koma Gwaram.

Yara, wannan yarinya ta rasa gasa, kuma saura ƙiris ta rasa ƙaninta. Duk saboda ta ji kunyar faɗin gaskiya. Idan ba ku san abu ba, ku ce ba ku sani ba, wannan ba abin kunya ba ne. Idan kuma jariri ya canza launi, ko wani ya kwanta ciwo, kada ku yi cika baki. Ku ce a tafi asibiti tun da wuri.