Jan Fenti a Tsohuwar Hanyar Mampong

"Gudu? Wa ya biyo shi?"

Alhaji Issaka ya ajiye goron da yake tsincewa, ya ɗago ya dubi 'yarsa.

"Baba, ba wanda ya biyo shi," in ji Farhana, kanta a ƙasa. "Wasa ne, suna gudu a kan tsaunuka. Ai Sha'aban malamin makaranta ne a Bantama, ka san haka..."

"Na san ƙato ne da gemunsa, yana sa gajeren wando yana haki a daji! Iyayenmu sun yi tafiyar ƙafa don dole, shi kuwa don ƙoshi. Ba ni ba wa irin wannan 'yata, kraa!"

Duk unguwar Alabar ta Kumasi an san Alhaji da taurin kai, amma an san akwai mutum ɗaya da ke tanƙwara shi: mahaifiyarsa, Hajiya Adizatu, wadda kowa ke kira Kaka. A ɗakinta Farhana ta tashi tun rasuwar uwarta. Yanzu ita ke shafa wa Kaka man kaɗanya a ƙafafu, ita ke sauraron labarin nan guda ɗaya da tsohuwar ba ta gajiya da shi.

Labarin hanya ne. Kaka tana da shekara shida iyayenta suka taso da ita daga Dogon Dutsi a ƙafa, cikin ayarin masu koro shanu. Saura kwana biyu su shiga Kumasi zazzaɓi ya kwantar da mahaifiyarta a kan tsaunin Mampong. A can aka binne ta, gefen wani dutse da ya tsage biyu kamar ɓarin goro, ruwa na fitowa daga ƙarƙashinsa. Kowane matafiyi ya ɗora dutse ɗaya a kan kabarin ya yi addu'a, kamar yadda ake yi a lokacin. Daga baya titin mota ya bi wani gefe, daji ya cinye tsohuwar hanya. Sau biyu Alhaji yana kai uwarsa nema suna dawowa hannu rabbana.

Da yammacin ranar Farhana ta zauna a gefen Kaka da wayarta. Dabararta ita ce ta sa tsohuwa ta so Sha'aban, sauran aiki mai sauƙi ne.

"Kaka, duba inda suke gudu. Shi da abokansa suka sare dajin da adda, suka buɗe wata tsohuwar hanya. Asabar mai zuwa ake gasar."

"Ai ya yi kyau, ɗan banza," Kaka ta ce tana dariya. "Dubi ƙafafu kamar na zalɓe."

Farhana ta matsa hoto na gaba. Sha'aban ne a tsaye yana murmushi, gwangwanin fenti a hannu. A gefensa tsibin duwatsu ne, an zana musu jar kibiya don nuna wa 'yan gudu hanya. A bayansa kuma wani babban dutse ne, tsage biyu, ruwa na gangara daga gindinsa.

Dariyar Kaka ta ɗauke. Ta karɓi wayar ta kai ta dab da idonta.

"Inna..." ta ce a hankali. "Wannan Innata ce."

Sau ɗari Farhana ta ji labarin dutsen nan, amma so ya rufe mata ido, fuskar Sha'aban kaɗai ta gani a hoton.

Da Alhaji ya ga hoton, har maƙwabta sai da suka leƙo.

"Kabarin kakata ya shafa wa fenti? Kuma a kansa za su bi suna tsalle? Farhana, ki zaɓa yau, ko shi ko gidan nan!"

Kaka ba ta ce uffan ba. Ta juya fuskarta ga bango, ko kokon safe ba ta taɓa ba washegari. Wannan shirun ya fi faɗan Baba yi wa Farhana ciwo.

Ta kira Sha'aban tana kuka.

"Farha ta, me ya faru?"

"Kabari ne, Sha'aban! Duwatsun da ka shafa... kabarin uwar Kaka ne!"



"Innalillahi... Wallahi na ɗauka manoma ne suka tara su. Zuciyata, ki yarda da ni."

"Na yarda. Amma Kaka ce ta raine ni. Ina son ka paa, Allah ya sani, sai dai ba zan iya bin ka in bar ta tana kallon bango ba."

"Ban ce ki bar ta ba. Ki ba ni kwana uku."

Kwana ukun nan Farhana ba ta ji ɗuriyarsa ba. Ta yi fushi, ta huce, ta sake fushi. Ranar Juma'a bayan masallaci sai ga sallamarsa a ƙofar gida, cikin doguwar riga, ya durƙusa a gaban Alhaji. Hannayensa duk sun saɓule.

"Baba, na yi laifi cikin rashin sani. Na goge fentin, na kuma roƙi abokaina mun kauce da hanyar gasar daga wurin. Abu ɗaya nake roƙo: ku bar ni in kai Kaka."

"Mota na zuwa can ne?"

"A'a. Daga inda take tsayawa akwai hawa, kamar mil uku."

"To da wace ƙafa za ta hau?"

"Da tawa."

Kafin Alhaji ya buɗe baki, muryar Kaka ta fito daga ɗaki, karo na farko cikin kwana huɗu.

"Issaka, gobe da asuba. Ka shirya mota."

Gobe ita ce Asabar, ranar gasar da Sha'aban ya shekara yana shiri dominta. Farhana ta tuna masa da ido, ya kau da kai kamar bai gani ba.

Hantsi ya same su a gindin tsauni. Sha'aban ya goya Kaka da zane, yadda ake goyon jariri, ya fara hawa. Mutumin da ke cinye hanyar nan cikin rabin sa'a, yau taku ɗaya ɗaya yake yi. Alhaji kuwa, mai zagin masu haki, shi ne a baya yana haki har da dafa bishiya.

Suka ratsa gonakin koko da ayaba, suka shiga inuwar manyan itatuwa. Kaka ta fara magana daga bayan Sha'aban.

"Nan muka yi zango, shanu suna can ƙasa. Inna ta dama mini fura da ruwan wani rafi... Tana rera mini waƙa ina kan wuyan Baba. Kai yaro, yi a hankali, ina ganin mutanena."

Farhana na biye tana share hawaye. Ba ta taɓa son sa kamar yadda ta so shi a wannan hawan ba.

Da suka isa, Kaka ta ce a sauke ta. Duwatsun sun fita fes, sai ɗan ja-ja da ya maƙale a cikin tsagu. Ta zauna a ƙasa ta dafa su da tafin hannu.

"Inna, ni ce Adizatu. Na daɗe, ko? Na tsufa har na fi ki."

Alhaji ya rufe fuska da hularsa. Suka yi addu'a, kowa ya ɗora dutsensa.

Can daga nesa aka jiyo ihu da takun 'yan gudu suna wucewa ta sabuwar hanya. Kaka ta kasa kunne.

"Su ne abokanka? Me ya sa suke bi ta can?"

"Don kada su dami mai kabari, Kaka."

"Dami?" Ta girgiza kai. "Matar nan a bakin hanya aka kwantar da ita don masu wucewa su riƙa gaishe ta. Shekara saba'in da wani abu ba ta ji takun mutum ba, sai da kai ka zo da addarka. Ka mayar mata da hanyarta. Su bi ta gefe, kowa ya ajiye dutse, ya yi mata addu'a da yaren da ya iya."

Sha'aban ya gyaɗa kai.

Kaka ta juya ga ɗanta.

"Kai kuma, sau biyu ka kawo ni da motarka ba ka samo mini uwata ba. Mai gajeren wando ya samo ta. Sai in ce me?"

Alhaji ya daɗe yana kallon saɓulallun hannayen nan. Sannan ya laluba aljihu ya ciro farin goro, ya ɓara shi biyu, ya miƙa wa Sha'aban ɓari ɗaya.

"Ka ce wa manyanka su zo ranar Lahadi," ya ce. "Amma a hankali. Kada su shigo mini gida da gudu."

Farhana ta fashe da dariya da kuka a haɗe, ta faɗa jikin Kaka. Tsohuwar ta rungume ta da hannu ɗaya, ɗayan kuwa yana kan duwatsun.

"Inna," ta ce, "ga mijin tattaɓa-kunnenki. Shi ya goyo ni."