Kukan Lantarki

"Mai haska fim?" Hamadu ya dire kofin shayinsa. "Duk samarin Garwa, Lauratu, ki rasa wanda za ki kawo mana sai wanda sana'arsa zama cikin duhu?"

"Yaya, ita ma sana'a ce..."

"Sana'a ita ce a sayi saniya a sayar."

Inna Kaltumi, mahaifiyarsu, ta ɗago daga tsintar shinkafa. "Kai da ka karya yatsa wajen tsallake katangar sinima don kallon kaboyi, yau kai ne limami? Ka bari yaron ya turo magabatansa."

Lauratu ta sunkuyar da kai tana ɓoye murmushi. Hannunta na cikin zani, ta damƙe wani ɗan guntun zaren fim wanda bai fi tsawon yatsa ba.

Wata shida ke nan da farkon abin. A shekarar 1975 ce, ba a daɗe da yin arba'in ɗin babansu ba, ƙawarta Hélène ta ja ta kallon fim ranar Lahadi da la'asar, wai ko za ta sake. Fim ne na 'yan sama jannati: kumbo ya tashi ya manta da wata mata a duniyar da babu kowa sai jan yashi. Faransancin bai shiga kunnen Lauratu ba, kiɗan ne ya shiga. Babu ganga, babu goge, babu algaita. Wani siririn sauti ne ke hawa yana rawa, ya sauko, ya sake hawa, kamar mai son yin kuka an toshe masa baki. Kukan da ta kasa yi wa babanta, a kujerar nan ta yi shi.

Da aka tashi ta hau matakalar ɗakin na'ura ba tare da ta san ta hau ba.

"Malam, don Allah, da me ake wannan kiɗan?"

Wani dogon saurayi ya juyo, hannunsa duk baƙin mai. "Ba da komai ba, madmazel. Lantarki ne ake matsa wa har ya yi kuka."

"Lantarki yana kuka?"

"Ke ma ai kin taya shi. Ta tagar nan ina ganin kowa."

Sunansa Lukmanu. Sau biyar ta kalli fim ɗin kafin a wuce da shi Marwa. A ranar ƙarshe zaren ya tsinke, da ya zo haɗawa sai ya yanke mata guntu, kamar yadda masu haska fim kan yi wa wanda suke so. Ya ɗaga shi a rana.

"Kin ga wannan layin mai lanƙwasa a gefe? Kiɗan ke nan, yana kwance. Ki riƙe, tauraruwata."

"Kiɗan da ba na ji, me zai yi mini?"

"Ki ba ni 'yan watanni."

Ya cika alkawari. Mako biyu bayan an sa rana, ya shigo gidansu da akwatin katako a kafaɗa. Tsofaffin rediyo biyu ya farke ya haɗa, ya kafa silin keke a samansa. Ya sa batir, ya matso da tafin hannu kusa da silin bai taɓa ba... sai ga sautin nan ya cika tsakar gida.

Inna ta ja da baya tana a'uziyya. "Ɗan nan, me ka kulle a ciki?"

"Babu kowa, Inna. Gwada ki gani."

Ta miƙa yatsa, abin ya yi ƙara, ta janye tana dariya har da hawaye. Hamadu ma sai da ya juya baya don kada a ga haƙoransa.

A zaure Lukmanu ya rage murya. "Gobe zan tafi Ngawundere in tarbi sababbin finafinai a jirgin ƙasa, kwana huɗu. Akwatin naki ne. Abu ɗaya kawai, Lauratu: kada ki kunna shi lokacin labaran ƙarfe ɗaya. Yana shiga rediyon maƙwabta da fito. Kin san zamanin da muke ciki."

"Na ji, masoyina."

Ta ji ɗin. Amma ƙarfe ɗaya na rana ne kaɗai lokacin da Yaya yake kasuwar shanu, Inna kuma ta kishingiɗa. Minti biyu kawai, ta ce wa kanta. Rana ta farko ta kunna, ta biyu ta kunna. A ta uku ana karanta wata sanarwar gwamnati, duk rediyon unguwa ya ɗauki fito har ba a jin mai magana.

Washegari da hantsi baƙar mota ta tsaya a ƙofar gida. Mutum uku ne, babu mai kaki a cikinsu. Suka birkice ɗakuna har suka fito da akwatin daga ƙarƙashin gadonta, silin keken a tsaye.

"Na'urar aika saƙo," in ji babbansu. Ya dubi Hamadu. "Kai ne mai gida? Kai ne kake tsallaka iyaka da shanu? Da wa kake magana a Najeriya?"

"Wallahi abin kiɗa ne, ranka ya daɗe..."

"Kiɗa? Ina fatar? Ina tsirkiyar?"

Suka tafi da shi da akwatin.

Kwana biyu Inna ba ta sa komai a baki ba. A na uku ta rarrafo ta kama ƙafafun Lauratu.

"Na binne ubanku bana. Kada ki sa in rasa Hamadu. Ki je ki faɗa musu mai akwatin."

"Inna, za su kama shi..."

"Shi ya ƙera, shi zai iya yi musu bayani. Ɗan'uwanki me ya sani?"

Ta je. A wani ɗaki mai tebur ɗaya da bangon katako aka zaunar da ita, mai tambaya yana juya alƙalami.

"Wa ya ƙera?"

"Lukmanu... mai haska fim."

"Wa yake kunnawa da ƙarfe ɗaya?"

Ta tuna labarin waɗanda ake kaiwa can bayan duwatsu, su dawo ba su gane gidansu ba. Kalma biyu ce kawai za ta faɗa: ni ce. Ta buɗe baki.

"Ban sani ba," ta ce.

Da yamma aka saki Hamadu. Ba ta sani ba, tun jiya aka ɗauke Lukmanu yana sauke gwangwanayen fim daga babbar mota, kuma yana zaune a bayan bangon katakon nan.

Shekara huɗu babu wasiƙa, babu labari. Manema suka zo suka koma. Hamadu bai ƙara yi mata maganar aure ba, ko ido ba ya iya haɗawa da ita. Finafinan sama jannati suka yi ta zuwa Garwa, masu launi, masu sabon kiɗa, ba ta sake taka ƙofar sinima ba.

Ranar wata Talata da azahar Hélène ta shigo tana haki.

"An sake shi! Yana tasha, motar Ngawundere zai hau."

Lauratu ta fita ko takalmi ba ta daidaita ba. Ta same shi zaune a kan buhun gyaɗa, ya rame, furfura a gefen kansa. Ta tsaya a bayansa.

"Lukmanu."

Bai juyo ba.

"Lukmanu... ni ce."

Sai da ta zagayo gabansa ya ɗago. Ya daɗe yana kallonta.

"Ki dube ni in za ki yi magana," ya ce, muryarsa ta fi ƙarfin wurin. "Bakinki nake karantawa. Kunnuwan sun tafi tun shekarar farko."

Ta durƙusa a ƙasa.

"Na jira ka. Wallahi ban kula kowa ba. Ka yafe mini, na faɗi sunanka..."

"Sunana?" Ya yi wani guntun murmushi. "Ai daidai kika yi. Ni na ƙera, Hamadu ba ruwansa. Da ba ki faɗa ba, da na faɗa da kaina."

"To mu koma gida. Inna tana..."

"Ina bayan bango ranar, Lauratu. Na ji tambaya ta biyu." Ya kafa mata ido. "Na nuna musu takardar mota, na ce ina Ngawundere lokacin da aka kunna. Suka ce to ina da abokin aiki, in faɗi sunansa. Shekara guda suna tambayata suna ɗaya."

"Me ya sa ba ka faɗa ba?"

"Don na ga abin da suke yi wa wanda aka faɗa."

Kuka ya ƙwace mata, mutanen tasha suna juyowa. Ta kwance bakin zaninta, ta ciro guntun zaren fim ɗin, ya dushe ya lanƙwashe, ta miƙa masa da hannu biyu.

"Ban taɓa rabuwa da shi ba. Ka aure ni, in zama kunnuwanka."

Ya karɓa, ya ɗaga shi a rana kamar wancan karon, ya bi layin gefen da farce.

"Da zan iya. Amma kurma ba ya samun sabuwar murya da za ta goge tsohuwa. Muryarki ta ƙarshe da ta shiga kunnena, 'ban sani ba' ta ce. Kullum ita nake ji, ko ina barci."

Direba ya danna ham, fasinjoji suka tashi. Lukmanu bai motsa ba sai da ya ga sun nufi mota. Ya sa mata zaren a tafin hannu, ya naɗe yatsunta a kai a hankali.

"Riƙe abinki, tauraruwata. Ke har yanzu kina da kunnen jinsa."

Motar ta ɗaga ta nufi gadar Binuwai. Lauratu ta bi ta da gudu, tana kuka, tana faɗin abin da ta riƙe shekara huɗu.

"Ni ce! Ni na kunna!"

Duk tasha an ji ta. Shi kuwa ya riga ya juya baya.