Tulun Inna a Akwatin Fara'a

Ƙarfe bakwai na safe Mai-Reno, injin da ke lura da akwatin ruwa, ya gama awo. Sanyin ruwa digiri goma sha bakwai, datti babu. Ya rubuta da koren haske a jikin gilashi, kamar yadda yake yi duk minti biyar: lafiya lau.

Injiniya Barira ta harari rubutun. Shekara uku ta yi tana ƙera wannan akwatin ruwa da na'urarsa, a gidanta na hawa na sittin a Sabuwar Katsina, garin da rana ke narka takalmin roba. Abar da ke ciki aksolotil ce, 'yar dabbar ruwa mai ƙafa huɗu, da geza shida a gefen kai da take numfashi da su. Ba ta son zafi, ba ta son ruwa mai gudu, kuma duk tsakuwar da ta samu sai ta haɗiye. Barira ta yi maganin wannan duka: yashi mai laushi kamar gari, matatar ruwa mai aiki a hankali, da kyamara goma sha biyu da fitilunsu. Ko ciyawa ba ta saka ba, kada ta tare wa kyamara hanya.

Sunan dabbar Fara'a, don bakin irinsu kullum a murmushi yake. To, yau kwana tara Fara'a ba ta ci tana ko ɗaya ba. Gezarta ta motse, sai zagaye take yi tana dungurar kusurwa da hanci. In aka ƙara mako a haka, gawa za a tsamo. Barira kuwa tana son 'yar abar nan har cikin ranta, tsoro ya kama ta.

Mahaifiyarta, Inna Laraba, ta leƙo. Maginiyar tukwane ce da Barira ta ɗauko daga ƙauye bara, bayan ta faɗi a tsakar gida. Ba ta kiran sunan Barira, 'yar fari ce.

"Ke, wannan baiwar Allah ina ɗakinta?"

"Inna, ai akwatin duka ɗakinta ne."

"Wannan ai tsakar gida ne. In ta gaji da idon mutane, ina take shiga?"

"In ta ɓuya na'ura ba za ta gan ta ba. Wani abu ya same ta fa?"

"Yo ga shi ana ganinta, abin yana samunta."

Inna ta koma ta fito da ƙaramin tulu, na ƙarshe da ta gina, wanda ba ta bari kowa ya taɓa. Ta sa bayan wuƙa ta huda cikinsa, ta goge bakin ramin har ya yi santsi, ta ɗauraye shi ba sabulu. Barira na kallo ta kwantar da shi a kan yashin.

Fara'a ta shige, ko waiwaye babu. Nan take gilashi ya koma ja: an rasa dabba! Ƙarar gargaɗi ta tashi, Barira ta kashe ta, ta rage fitilun.

Kwana biyu ko jela ba a gani ba, Barira ta kusa cinye farcenta. A safiya ta uku wani ɗan kai ya leƙo daga tulun. Barira ta miƙa tana, aka cafke. Ta miƙa ta biyu, aka cafke. Ta zauna a ƙasa tana dariya da hawaye.

Ta tashi ta kai wa Inna albishir, ba ta ɗaki. A jikin ƙofar koren rubutu na cewa lafiya lau. Kyamara huɗu Barira ta kafa a ɗakin nan da hannunta, kada Inna ta sake faɗuwa ba a sani ba. Ga kwanon jiya, ko rabi ba a ci ba. Sai yanzu ta gane abin da ke sa Inna daɗewa a bayi kullum, a zaune kan bokiti: nan ne kaɗai babu kyamara.

Ta hau kujera ta kwance kyamarorin ɗakin ɗaya bayan ɗaya, ta rataya zane a ƙofar. Da la'asar ta zo da fura, ta tsaya a waje ta yi sallama.

Muryar Inna ta fito, da dariya a cikinta: "Dakata tukuna."

Barira ta tsaya riƙe da kwarya. Ba ta san abin da ake yi a ciki ba, kuma ba ta leƙa ba.