Inda Hajja Ta Nuna A Dasa

Manar tana bakin ƙofar falo da tiren shayi a hannu lokacin da Hajja Zubaidatu, mahaifiyar Nu'uman, ta faɗa wa umman Manar cewa an fasa maganar auren Manar da ɗanta.

"Ba zan haɗa jini da masu auna gidajen mutane ba."

Manar ta juya da tiren...

A baladiyya, wato hukumar birni, take aiki, sashen da ke fama da tsananin zafi da ambaliya. Sun shirya dasa itatuwa da buɗe hanyoyin ruwa a unguwar su Nu'uman da ke bayan Kudai, tare da mazauna wurin, jikokin alhazan da suka zo suka zauna, har an fara awo. Amma Dalal, 'yar ƙanwar Hajja, wadda ta daɗe tana son Nu'uman, ta bi gida-gida tana cewa a unguwar Nakkasa ma da awo aka fara kafin rusau. Hajja kuwa a wancan rusau ɗin ta rasa ɗakin da ta haifi 'ya'yanta.

Washegari Nu'uman ya kira ta, ya roƙe ta ta rantse wa mahaifiyarsa cewa ba za a taɓa unguwar ba har abada.

"Habibti, kalma ɗaya ce..."

"Ba a hannuna take ba, Nu'uman. In na shiga gidanku da ƙarya, da me zan zauna?"

Ya ajiye wayar, har ta ɗauka ta rasa shi.

Ranar da ofis ya tara matan unguwar, Dalal ta tashi a gaban kowa ta tambayi Manar ko za ta rantse ba za a rushe unguwar ba. Manar ta ce ba ta san gobe ba, ita ma a Nakkasa aka haife ta. Abin da ta iya shi ne ta dage har ofis ya yarda mazauna unguwar da kansu za su zaɓi wurin kowane itace da kowace magudana.

Sai Hajja ta ce a fara da tashar bas, inda rana ta kayar da mijinta yana jiran mota.

Bayan an watse Hajja ta riƙo hannun Manar.

"Da kin rantse, da ban yarda da ke ba, 'yata. Ki ce wa abbanki baffannin Nu'uman suna nan tafe. Itacen tasha kuma ni zan ba shi ruwa, kada ki turo min kowa."