Wanda Ya Zaɓi Fawa Bankin Malam Sada

Da hantsin Asabar Malam Sada, tsohon malamin firamare daga Maska, ya shigo ofishin 'yan sanda na Funtuwa yana huci.

"Sufeto, an sace mini fawa banki. Ɗan ƙanena Awaisu ne. Ku ɗaure shi, daga yau ba ni ba shi."

Sufeto Jibril Maitama ya ture kokonsa gefe. Iyalinsa suna can Daura, shi kaɗai yake karyawa kullum, don haka ko mai faɗa ya shigo ba ya jin haushi.

"Malam, fawa banki ne zai raba ka da jininka?"

"Garinmu babu wuta tun da taransifoma ta ƙone. 'Yata Bushra tana aure a Legas. Da shi nake cajin waya da laftof in ga fuskarta. Tun rasuwar uwarta, ita kaɗai ke tambaya ko na ci abinci."

Sufeto bai ƙara zolaya ba. Ya ɗauki hularsa.

Gidan Malam Sada da ke Maska ya yi wa mutum biyu girma. Kaji ne kawai ke kai-kawo a tsakar gida. A ɗaki, laftof na kan teburi, waya na gefenta.

"Yaushe ya ɓace?"

"Jiya. Na jona waya na tafi masallacin Juma'a, na dawo babu shi."

Sufeto ya yi tsaki a ransa. Wane irin ɓarawo ne zai tsallake laftof da waya ya ɗauki abin cajinsu? Ya ɗaga igiyar caja. An naɗe ta tsaf, an ɗaure tsakiyarta da siririyar robar tayar keke.

"Kai ka naɗe?"

"Ni? A watse nake barin ta."

Sufeto ya sa igiyar a aljihu. Awaisu ɗan acaba ne, a ɗakin zaure yake kwana. Sun same shi yana wanke babur.

"Ina kake jiya da azahar?"

"Funtuwa, yallaɓai."

"Ƙarya kake. Masu shayin bakin hanya sun ce ba ka fita ba."

Awaisu ya sunkuyar da kai. "Barci ne ya kwashe ni, na rasa Juma'a. Tsoron Baba ya sa na ce haka."

Sufeto ya leƙa ɗakinsa. Igiyoyin caja sun cukuikuye da wando da takalma kamar taliyar da ta kwana. Wanda ke zaune cikin wannan hargitsi ba zai tsaya naɗe igiyar wani ba.

"Wa ya san inda Malam ke ajiye shi?"

"Ni, don ni nake kai shi Funtuwa in cika shi. Sai Baba Maiwada mai cajin waya, abokinsa. Ai shi ya zaɓa masa."

Malam Sada ya katse shi da zafi. "Kada ka sa Maiwada cikin ƙazantarka! Shi ya raka ni kasuwa. Ya ce kada in ruɗu da manyan lambobin da ake rubutawa a kwali. Ya girgiza wani ya ce yashi aka cusa don ya yi nauyi. Ya nemi mai ramin da zai iya ɗaukar laftof, ya sa aka jona a gabanmu kafin mu biya. Mutumin da ya yi mini haka?"

Rumfar Maiwada na gefen kasuwar Maska. Ƙaramin janareto na ta kuka, wayoyi sun yi layi a kan katako. Ga dogon benci a inuwa, babu kowa a kai. Dattijon ya miƙe da ya ga kaki.

"Yaushe rabonka da gidan Malam Sada?"

"An daɗe, ranka ya daɗe. Tun kafin girbin masara."

Sufeto bai dube shi ba. Bango yake kallo. A kan kowace ƙusa akwai igiyar caja, kowace a naɗe tsaf, an ɗaure tsakiyarta da robar taya. Ya ciro ta gidan Malam daga aljihu, ya rataye ta cikin 'yan'uwanta.

"Baba, bakinka ya ce ba ka je ba, hannunka ya ce ka je."

Maiwada ya dubi igiyar. Sannan ya jawo durowa. Ga fawa bankin an lulluɓe shi da tsumma mai tsabta, fitilunsa duk a kunne.

"Sayarwa za ka yi?"

"Wallahi a'a." Muryarsa ta yi rauni. "Da, kullum bayan la'asar Sada zai kawo wayarsa, ya zauna kan bencin nan muna hira har ta cika. Yaran yanzu jefo waya suke su tafi. Shi kaɗai ke zama. Da hannuna na zaɓa masa mai kyau, tun daga ranar ban sake ganinsa ba. Na ce in abin ya ɓace, dole ya dawo."

Sufeto ya ji maganar ta soke shi, don ya san yadda yamma take tsawo. Amma an shiga gidan mutum, kuma an kusa korar marar laifi.

"Sai mun je ofis, Baba."

Sufeto ya miƙa fawa bankin ga Malam Sada, da ke tsaye a bakin rumfa yana jin komai. Kunya ta kama shi, tausayi ya fi ta.

Maiwada ya kashe janareto, ya sa kwado, ya shiga bayan motar 'yan sanda ba musu. Da direba ya tayar, sai Maiwada ya leƙo ta taga.

"Sada, kada ka riƙa bari ya ƙare ƙurmus kafin a cika shi. Yana kashe batirin."

Mota ta tafi. Malam Sada ya zauna a ƙofar rumfar da aka kulle, ga caji fal a hannunsa, ga wanda yake son yi wa magana an tafi da shi.