Jinin Mu Biyu

"Ina za ki da kaya, Lailatu?"

Ba ta ɗago ta dubi mijinta Issouf ba. Zannuwa take ta cusawa a jaka, tsohon cikinta na tokare ta.

"Barmou, gidanmu. Innarka ta ce jinin danginmu ne ya hana ɗanka magana... In na cikin ma ya zo haka fa?"

Issouf ya dubi Bashir, ɗansu mai shekara uku, yana ta jujjuya murfin kwano. Ko an kira sunansa ba ya waigowa.

"Haba hasken idona! Ajiye jakar nan. Gobe za mu ga likita, kuma da Inna za mu."

Da ƙyar mahaifiyar tasa ta yarda ta bi su asibitin yara, nan cikin Tahoua. Likitar ta daɗe tana lura da Bashir, sannan ta ce, "Sunan abin otizim, wani yanayi ne na ƙwaƙwalwa da kan shafi magana da mu'amala. Gado yana ciki, ta wajen uwa ko uba ko duka biyun. Shekarun iyaye da halin da ciki ya shiga su ma kan ƙara. Amma ba laifin kowa ba ne."

"Na cikin fa?" in ji Lailatu.

"Yana iya zuwa haka, amma yawancin ƙanne ba sa zuwa da shi. Za mu riƙa duba shi tun yana jariri. Akwai mai irin halin Bashir a danginku?"

Lailatu ta girgiza kai. Inna kuwa sai ta sunkuyar da nata.

"Ƙanena Ciɗo, na Affala... Sai da ya shekara bakwai ya ce Inna. Mun ɗauka iskoki ne." Ta kamo hannun surukarta. "Ɗiyata, yahe mini."

"Wallahi na yafe, Inna!"

Issouf ya juya yana goge ido.

Lailatu ta sauka lafiya, aka samu mace. Ranar suna makaɗa suka cika tsakar gida, Bashir ya toshe kunnuwa yana ƙara. Kafin Lailatu ta yunƙura, Inna ta saɓe shi ta goya.

"Ku tahi waje da gangunanku! Mijina ba ya son hayaniya."

Yaron ya kwantar da kai a bayanta, ya yi shiru. Lailatu ta rungume jaririyarta, hawaye na zuba, bakinta ba abin da yake maimaitawa sai alhamdulillahi.