Kwikwiyon da Bai Fara Ɗaga Ƙafa Ba

Ƙarfe uku saura na ranar Juma'a aka bugo wa Sufeto Habibullahi waya daga Magarya. An tsinci gawar Malam Isa a gonar albasarsa ta fadama, an fasa masa ƙeya. Injin ban ruwansa ya ɓace, daga baya aka gan shi a bukkar Halliru, ɗan ƙodagon da ke yi masa aiki. Mai wayar ya ƙara da cewa in ba a hanzarta ba, gawa biyu za a rufe yau.

Motar ofis ta tafi Goronyo tun safe. Sufeto ya hau bayan Kofur Mujaheed a kan babur, suka bar Wurno.

Sun tarar da fadama ta cika maƙil. An ɗaure Halliru a gindin darbejiya, leɓensa a fashe. Samari sun kewaye shi da gorori da fartanyoyi, ba abin da ya raba su da shi sai Maigari, tsoho mai sanda, da gumi ya jiƙa masa rawani.

"Yallaɓai, na tare su iyakar ƙarhina," in ji Maigari. "Da an sallaci la'asar anka ruhe Malam Isa, wallahi ba ni iya riƙe yaran ga."

Sufeto ya dubi taron. Su biyu ne rak, babur ɗaya, ga mutum fiye da ɗari. Ya durƙusa gaban Halliru.

"Ina kake da hantsi?"

"Cikin gari nike, Yallaɓai. Aski nit tahi, daga can na wuce masallaci."

"Wa ya gan ka?"

Halliru ya bi fuskokin jama'a da kallo. Daga Rimawa ya zo aikin rani, ba shi da kowa a nan. Ba wanda ya shaide shi.

Wani dogon saurayi ya ratso taron. Yazid ne, ɗan ƙanen marigayin, shi ne kuma ya gano injin.

"Mi za a tsaya tambaya? Baffana ya ciyar da shi, shi ya saka mai da hakan ga! Taho ka gani da idonka."

Bukkar Halliru tana gefen gonar. Injin na ajiye a ciki, an yaye tabarmar da aka rufa masa. Sufeto ya kewaya shi a hankali. A jikin jan ƙarfen akwai wani sawu rawaya-rawaya da ya gangaro ya bushe, yana zarni.

"Ka gani?" in ji Yazid. "Har karenai ya yi mai hitsari. Wace shaida ta hi wagga?"

Sufeto ya sake duban sawun. Ɗan maharbi ne shi daga Rabah, cikin karnuka ya tashi, abokan aikinsa har tsokanarsa suke yi wai ya fi gane haushi da maganar mutane. Ya sa hannu ya auna daga ƙasa zuwa inda sawun ya faro. Taƙin hannu biyu cif.

"Ina karen?"

Aka janyo shi daga bayan bukka. Ja ne, dogayen ƙafafu, kunnuwa sun fi kan girma, sai kaɗa wutsiya yake yi bai san abin da ake ciki ba.

"Yaushe aka haife shi?" Sufeto ya ɗaga murya ya tambayi Halliru.

"Lokacin yankan dawa, Yallaɓai. Watanai biyar."

Sufeto ya sa aka cika sakaina da ruwa. Zafi ya gasa kwikwiyon, ya shanye tas, aka ƙara masa. Daga nan Sufeto ya nemi dutse ya zauna, ya zuba masa ido.

Gunaguni ya tashi. Wani ya ce an aiko ɗan sanda bincike ya koma kiwon kare. Wani ya buga gora a ƙasa. Kofur Mujaheed ya matso, ya yi ƙasa da murya.

"Yallaɓai, inuwa ta fara tsawo fa."

"Na gani."

Ya gani, kuma tsoro yake ji. Rayuwar mutum ta rataya a kan marar kwikwiyo, ga shi ba a yi wa kare umarni a wannan sha'anin. Daga cikin gari aka jiyo ladan yana gyaran lasifika.

Kwikwiyon ya shinshina ƙasa, ya wuce turken bukka bai ko kalle shi ba, ya je tsakiyar fili. Ya ɗan ware ƙafafun baya ya tsuguna, ya saki duk abin da ke cikinsa wuri guda.

Sufeto ya miƙe tsaye.

"Jama'a, kun ga yadda ya yi? Ranka shi daɗe, kai ne babba, ka faɗa musu."

"Tsugunne yay yi," in ji Maigari. "Awa karya."

"Haka duk kwikwiyo yake yi, namiji ko mace. Namiji ba ya ɗaga ƙafa sai ya tasa, wani wata shida, wani sai ya kusa shekara. Sannan ne yake bin turke da bango da duk wani baƙon abu da aka kawo wurinsa, yana ɗiga musu kaɗan-kaɗan don sauran karnuka su san nan nasa ne. Kuma iyakar tsawonsa yake kai shi. Sawun da ke jikin injin nan taƙi biyu ne daga ƙasa. Wannan yaron karen ko tsalle ya yi ba zai kai ba."

Sufeto ya juya ga Maigari.

"Kafin a kawo injin nan bukkar Halliru, ya zauna a inda babban kare yake. Wa ke da babban kare a fadamar nan?"

Maigari ya shafa gemu. "Biyu na. Na Shafi'u maharbi, ya tahi da shi daji tun Laraba. Sai Duna."

"Na waye Duna?"

Idanun jama'a suka juya kan Yazid. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Yazid ya yi saurin cewa, "Na ba da shi. Tun makon jiya wani abokina yat tahi da shi Rabah."

"Kai, Yazid, ji tsoron Allah." Wata dattijuwa ce mai sayar wa manoma fura, Sabuwa, ta sauke ƙwaryarta. "Da hantsin ga na biya ta bukkarka, haushinai ya hana ni tsayawa."

Sufeto ya dubi Yazid daga sama har ƙasa. Wata tsohuwar riga ce a jikinsa, wuyanta ya koɗe.

"Da wannan ka je Juma'a?"

"Ita na samu."

"A raka'a ta biyu ya iske mu," in ji wani daga baya. "Kusa da ni yat tsaya, yana haki."

Sufeto ya bar Maigari a gindin darbejiya, ya sa Yazid a gaba. Rabin taron ya biyo su, Kofur Mujaheed na tura babur.

Tun daga nesa suka jiyo haushi. Duna na ɗaure a bayan bukkar Yazid, baƙi wuluk, ƙirji kamar na ɗan maraƙi. Kowane turke na wurin, da gindin buhunan taki, duk da tabon fitsarinsa. Sufeto ya auna ɗaya. Taƙi biyu.

A cikin inuwar bukkar, ƙasa ta riƙe shatin ƙarfen da injin yake zama a kai, da ɗigon baƙin mai a tsakiya.

"Na kan aro injin Baffa wani lokaci," in ji Yazid. "Tsohon sawu na."

Sufeto ya dangwali man da yatsa, ya nuna masa. Ɗanye ne. Ya ce a kwance karen.

Duna ya zagaya yana gurnani, ya tsaya kan baƙon abin da ya gani a wurinsa, wato babur ɗin Kofur Mujaheed. Ya shinshina tayar baya, ya juya gefe, ya ɗaga ƙafa sama ya ɗiga mata. Kofur ya yi tsaki, amma ba wanda ya yi dariya.

Sufeto ya zagaya bayan zana. Farar riga ce sabuwa a shanye. Ba a wanke ta duka ba, ƙirjin kaɗai aka sa wa ruwa aka murje, har yanzu da damshi. Ya ɗauko ta ya buɗe a gaban mutane.

"Ka ajiye injin a nan kana jiran fadama ta watse a tafi masallaci. Duna ya yi masa abin da yake yi wa kowane baƙon kaya. Ka rungume shi a ƙirji ka kai bukkar Halliru, sai ka ji zarni a rigarka. Najasa. Ba a salla da ita. Shi ya sa ka tsaya wanki har ka makara, shi ya sa ka san fitsarin kare ne tun kafin kowa ya duba."

Ya juya hannun rigar na dama. A bakin hannun akwai ɗige-ɗige uku da suka bushe suka yi duhu.

Yazid ya zube ƙasa.

"Cewa yay yi zai ba Halliru rabin gonar shi noma," ya faɗa yana kuka. "Wai ni rago na. Gonar kakana, a ba baƙo! Gardama munka yi, ya juya mani baya, hwartanya na hannuna. Wallahi ban yi niyyar kashe shi ba."

"Halliru fa? Shi ma ba ka yi niyya ba?" in ji Sufeto.

Yazid ya kifa fuska a ƙasa.

Samarin da suka biyo su suka fara sauke gorori, kowa na kauce wa idon ɗan'uwansa. Biyu daga cikinsu suka juya da gudu don su kwance Halliru. Kofur Mujaheed ya ciro ankwa ya danna.

A daidai lokacin ladan ya kira la'asar. Yazid ya ɗago kai, ya dubi rigar da ke hannun Sufeto.

"Yallaɓai, a bar ni in sallaci Baffana."

Sufeto ya kalle shi. Ya naɗe rigar ya sa a leda.

"Fitsarin kare ya taɓa ka, ka tsaya ka wanke shi tas don sallarka ta karɓu. Jinin Baffanka yana hannunka, ko ganinsa ba ka yi ba. Tashi mu tafi."

Suka sa shi a tsakiyarsu a kan babur. Da suka hau hanyar Wurno sai suka yi kiciɓis da makara an fito da ita, dole Kofur ya tsaya gefe har ta wuce. Halliru na cikin masu ɗauke da ita, shatin igiya a wuyan hannunsa.